Likitan da ke Roƙon Kawunan Raguna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 15 ga Disamba, 1997, Allah Ya yi wa Dakta Ja'afaru Auta, likitan kunne na garin Haɗeja, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ina cikin aji labari ya iske ni. Alli ya faɗi daga hannuna, ban iya sunkuyawa na ɗauka ba.

Likita, ni ne Habila, malamin makarantar nan ɗan Filato, uban Dibora. Ka san mu tun shekarar sanƙarau, lokacin da cutar ta bar mini 'yata da rai amma ta tafi da jinta. Yarinya mai surutu kamar aku ta koma kallon bakin mutane. Ranar da ka duba ta ba ka ɓoye mini komai ba. Ka ce maganin nan ba ya kanti, amma a ƙasashen waje akwai wata na'ura da ake dasawa a bayan kunne. Sai an huda ƙashi, a ratsa ta gefen wata 'yar tsoka da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kusa da jijiyar fuska. Hannu ya ɗan kauce, bakin yaro ya karkace har abada. Ka ce kana neman gurbin zuwa koyon aikin, amma hannu ba a jirgi ake gyara shi ba.

Daga nan ka ba garin nan mamaki. Ranar Babbar Sallah, kowa na aika wa maƙwabci cinya, kai kuwa gida-gida kake aikawa a taimaka maka da kan rago. Mata suka yi ta dariya, wai likita guda ya hana su ganda. Mahauta har suna suka sa maka. Kai ko a jikinka. Na sha samunka a shagon ƙofar gidanka, ka duƙufa a kan madubin ƙara girman abu, kana sassaƙe ƙashin kunnen rago a hankali don hannunka ya saba. Da Kirsimeti ta zo bara, Dibora da kanta ta kawo maka kan akuyarmu a kwano.

Ka hana mu barin ta ta yi shiru. Ka koya mata ɗora hannu a maƙogwarona in ina magana, ka ce a riƙe mata muryarta kafin jin ya dawo. Masunta daga ƙauyen Baturiya ma za su shaide ka, don 'ya'yansu nawa ka tsayar wa ruwan kunne, kana yi wa iyayen faɗan ɗura man ja da sosa kunne da gashin kaza.

Takardar tafiyarka ta zo, sai ga ajali ya riga ta. Wallahi zuciyata ta karye, Likita. Ban san wanda zai ɗauki wannan aiki ba.

Jiya muka sayo akuyar Kirsimeti. A lokacin Dibora ba ta san da rasuwarka ba tukuna, na rasa ta inda zan fara. Ta shafa kan akuyar, ta dube ni, ta ce da muryar nan da ka riƙe mata, “Baba, ni zan kai wa Baba Likita.”

Na kama hannunta na ɗora a maƙogwarona. Maganar ta ƙi fita, amma Dibora ta gane.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ga matarka Hajiya Asabe da yara da dukkan jama'ar Haɗeja, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, amin.