Ranar da Goggo ta wurga wayata ta taga

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Morris Heights da ke Bronx, ni da Goggo, ƙanwar babana, da maƙwabciyarmu 'yar Gana mai mota. Wata huɗu Goggo ta yi a New York ko bakin titi ba ta zuwa, tun da aka karɓo ta daga hannun masu garkuwa can ƙasarmu. Ni na matsa, har na ce mata tsoron ya isa haka. Na ga tallan wani tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi a Pennsylvania, na sayi tikiti. Ƙananan rubutun da ke ƙasan tallan ban karanta ba, ba ni da wannan haƙurin.

Hanya sumul, gonakin masara iya ganinka. Shayin gidan mai dala huɗu, ruwan zafi ne kawai da suna. Jirgin na katako ne, kujeru kamar bencin makaranta. Mai duba tikiti yana ta labarin 'yan fashin zamanin da, masu tare jirgi a kan dawaki. Ban saurara ba. Goggo kuwa ba ta jin Turanci, dabinonta take ci.

Sai jirgi ya tsaya a daji. Harbi. Mutum biyar a kan dawaki, fuska ɗaure da ƙyalle. Kafin in juya, Goggo ta fizge wayata ta wurga ta taga, ta danna ni ƙarƙashin kujera, ta rufe ni da mayafinta.

"Kar ki yi Turanci," ta raɗa mini. "Ke 'yar aikina ce. Ba ki da kowa."

Ɗaya ya shigo taragonmu da bindiga. Ina jin takunsa, ina jin yara suna dariya, na kasa haɗa biyun. Da ya iso, Goggo ta miƙe ta ba shi hannuwanta a haɗe don ya ɗaure. Ya yi turus, ya sauke ƙyallen. Tsoho ne tukuf. Maƙwabciya ce ke ta ihu, "Hajiya, wasa ne! Yana cikin tikiti!"

Muka juyo gida, muka shigo Bronx kafin magariba. A matakala Goggo ta tsaya.

"Wato biya suke yi a tare su?"

Na ce eh. Ta girgiza kai ta wuce.

Wayar dai tana can cikin ciyawa. Abin da na koyo: yanzu ina karanta rubutun ƙasa. Kuma wata huɗu ina yi wa Goggo kallon matsoraciya, alhali ni ce a ƙarƙashin kujera, ita ce a tsaye.