Neman tukunyar kakata a Zuru

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da ɗan'uwana. Har Kontagora da sauƙi, amma daga Rijau ramuka suka karɓe mu. Direba ya ce kuɗin motarsa ya ƙaru ne domin har da tausa yake haɗa mana. Muna shiga Zuru muka ci tuwon dawa da miyar kuka a bakin tasha, malmala ɗaya ta kusa kayar da ni.

Ba yawo ya kai mu ba. A ƙauyenmu, wajen Bena, akwai ɗan gidan adana kayan tarihi, inda aka tara tukwanen ado irin waɗanda mutanenmu ke ɗorawa a kan kabari. Da 'yan bindiga suka shiga garin, an samu an kwashe tukwanen zuwa Zuru, amma ɗakin takardu ya ƙone, da katunan da ke faɗin wadda ta gina kowace tukunya. Wasu katunan sun tsira domin wata 'yar Ibo mai shagon hoton takardu ta adana kwafin da aka bari a wurinta. Na kakata ba ya cikinsu. Shi ya sa dattijon da ke kula da kayan ya kira iyalai su zo su nuna nasu.

Dattijon ya buɗe mana ɗakin da aka ajiye su. Tukwane jere a kan buhunan da aka shimfiɗa, wasu da kan mutum, wasu da ƙaho.

“Ɗana, wacce ce ta tsohuwa?” ya tambaye ni.

Na duba, na sake dubawa. Ni da nake cika wa mutane kunne a intanet da zancen al'adunmu. Sai na nuna wadda ta fi girma da kyau. Ya ɗauko sabon kati, ya fara rubuta sunan kakata a hankali. In ya gama, aikin wata mata ya zama namu har abada.

“Baba, dakata,” na ce. “Wallahi ban sani ba.”

Bai yi faɗa ba. Ya soke rubutun, ya ce ba ni ne na farko ba. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Na ɗauki hoton kowace tukunya, washegari muka juyo. A mota ko rake ban iya sha ba.

A gida na miƙa wa mahaifiyata waya. Ta kai ta dab da fuska, ta daɗe, sannan ta mayar mini. Idanunta sun yi rauni.

“Ni na riƙa kwaɓa mata yumɓu,” ta ce. “Da ka tafi da ni, da hannu zan gane ta.”

Abin da na koyo ke nan: wuta ta cinye takarda, amma wadda ta san amsar tana zaune a ɗakin da ke kusa da nawa, ban taɓa tambayarta ba. Na je tasha na kama mata kujerar gaba a motar Zuru.