Rukunin Masu Fita

Shekara ashirin da biyu Baba Sito ya yi yana riƙe da ɗakin ajiyar kaya na kamfanin, kuma ba a taɓa ba shi takarda ya sa hannu bai juya bayanta ba. Idan aka gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima, yakan koma ya sake duba kwalaye. Matarsa takan ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin.

Ana nan sai kamfani ya kawo manhajar horar da ma'aikata. Kowa ya buɗe ta a wayarsa ya ga darussan da aka ware wa rukuninsa. Baba Sito ya sa tabarau ya duba. A ƙarƙashin sunansa an rubuta: Masu Fita.

Ya kife wayar a kan kanta.

Bai je ofis neman bayani ba, don a ganinsa tambaya nuna wa mutum ne cewa ka gane. Ya fara bincike da kansa. Ya danna rukunin ofis, wayar ta ce ba shi da izini. Ya danna na masu gadi, nan ma ba izini. Masu gadin da shi ke ba su batirin tocila. A nasa rukunin mutum bakwai ne: direbobi huɗu, masu lodi biyu, sai shi. Ya lura uku daga ciki suna da furfura.

Ya tare babban direba a ƙofar lodi.

"Kai ma an sa ka a masu fita?"

"An sa ni, Baba. Har na gama darasi uku."

"Ka danna 'na amince' a ƙarshe?"

"In ba ka danna ba ai ba ta wucewa."

"Ka karanta abin da ka amince da shi?"

"Baba, ni da ko takardar magani ba na karantawa?"

A ranar Baba Sito ya yanke shawarar ba zai buɗe darasi ko ɗaya ba. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa, sai ta ce, "Malam, in sallamarka za su yi, sai sun koya maka karatu tukuna?"

"Haka ake yi yanzu. Da yatsanka za ka kori kanka."

Wata ya ƙare. Sunaye shida suka koma kore, nasa ya tsaya ja. Manaja ya kira shi. A kan tebur ga takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa, a gefe kuma ga jami'ar horo, wadda ta tsara rukunonin, sa'ar 'yarsa ta fari.

"Yallaɓai, in fitar ce, a faɗa mini da baki."

"Wace fita?" in ji manaja.

Jami'ar ta karɓi wayar ta duba. "Baba, sunan Masu Fita da Kaya ne. Wayarka ce ta yanke shi. Darasin ɗaga kwali ne ba tare da ciwon baya ba."

"To me ya sa ba ni da izinin ganin na masu gadi?"

"Su ma ba sa ganin naku. Kowa nasa yake gani."

"Wa ke ganin na kowa?"

"Ni, Baba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya jinjina kai.

Manaja ya ba shi kwana uku: in sunansa ya koma kore, za a yaga takardar. Da la'asar ɗaya ya gama, duk da ya karanta kowane layi sau biyu. An koya masa ya durƙusa kafin ya ɗaga kaya, abin da gwiwoyinsa suka daɗe da tilasta masa.

Aka yaga takardar a gabansa, ya roƙi guntayen ya sa a aljihu. Sannan ya nemi alfarma ɗaya, a sauya wa rukunin suna. Jami'ar ta mayar da shi Rukuni na Uku.

Ya yi godiya. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"'Yata, na uku daga sama ko daga ƙasa?"