Bindigar da Ba a Yi wa Wanka Ba

Shekarar da annoba ta rufe filayen jirgi ina gidan ɗana a Pantai Dalam, can ƙasar waje. Magani ya kawo ni, sai ga ni a saman bene, ba fita. Jikana Nasiru ya shiga wani zauren intanet na masu tara tsofaffin bindigogin soja, gajerun nan da aka raba wa 'yan sanda bayan yaƙin duniya. A ƙasar nan hoto kawai zai iya tarawa. Kullum sai ya cusa min waya a fuska: "Tsoho, duba hatimin 'yan sanda a jikin katakon!"

Ni kuwa kakata Iya nake gani. Bayan tuwo takan zauna bakin murhu tana gasa gyaɗa, mu kewaye ta. Akwai tatsuniyar da ba ta farawa sai garwashi ya soma mutuwa.

Wai wani ya dawo daga yaƙi. Aka tare shi a bayan gari, aka aske shi, aka yi masa wanka da ganyen magarya kafin ya shiga gida. Bindigarsa kuwa ba wanda ya wanke, aka miƙa wa mai gadin kasuwa. Ita ba a gaya mata yaƙi ya ƙare ba. Da kasuwa ta cika sai ta yi ɗumi a kafaɗarsa, tana bin mutane da kallo.

"Iya, bindiga tana da ido?"

"Na mai riƙe da ita take ara, ja'iri. Janye ƙafarka daga wuta."

Nan take tsayawa. Ba ta taɓa ƙarasa mana ba.

Na girma na shiga aikin ɗan sanda, aka ba ni ragowar yaƙi irin wannan. Ranar wata hatsaniya a kasuwa na ji ta yi ɗumi. Wanda na harba mai tumatir ne, ko tsinke babu a hannunsa. Na daɗe ina ce wa kaina laifin bindigar ne. Sai da tsufa ya zo na yarda ido nawa ne.

Nasiru ya faɗa wa abokansa kakansa ya riƙe irinta, suka ce a kawo ni in ba da tarihi. Ya jingina wayar da kofin shayi, fuskarsa cike da alfahari da ni. Ƙasa, motar asibiti tana wucewa da jiniya.

"Ka shirya, Tsoho? Suna jira fa."

Na san bayan yau ba zai sake kallona haka ba.

"Kashe wayar, abokina. Zauna. Kai zan fara gaya wa."