Rubutun Goggo Ya Farfaɗo

Shekara talatin da bakwai Goggo ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti. Muryarta kaushi, hannunta laushi, idan ta ce "Yunƙura!", har maigadi a bakin ƙofa sai ya gyara tsayuwa. Da ta yi ritaya zaman gida ya ishe ta, sai ɗanta ya kawo mata tsohuwar kwamfutarsa. Ta ce to, za ta rubuta wa masu tasowa abin da ba a koyarwa a aji: irin numfashin da ke nuna mai naƙuda ta galabaita, da yadda ake yi wa miji magana idan abu ya ɓaci.

Da yatsa biyu take bugawa, tabarau a kan hanci. Ba wanda ya gaya mata ana adana rubutu. In ta gaji, sai ta rufe murfin ta tashi.

Wata safiya kwamfutar ta jefo mata tambaya, ta danna abin da ya fi kusa da yatsanta. Shafi ya koma fari fat. Ta zauna hannu a cinya, ko ruwa ba ta sha ba, har matar ɗanta, wadda take aikin sakatariya, ta biyo da rana.

"Goggo, lafiya kuwa?"

"Ya mutu a hannuna, 'yar nan. Shafi ashirin da shida."

"Kada ki fara karɓar gaisuwa tukuna. Matsa mini."

Ta ja kujera, ta yi 'yan danne-danne, ta shiga wani lungu a cikin kwamfutar, inda take ɓoye rubutun da ba a adana ba. Ga wani abu guda, sunansa duk lambobi. Tana taɓa shi, kalmomin Goggo suka cika allo, har da kurakuranta. Layi huɗu kawai suka salwanta.

Tsigar jikin Goggo ta tashi, kamar ranar da jariri ya fito shiru, aka yi ta murza bayansa, can ya tsala ihu. Ta shafa allon a hankali.

"Ikon Allah! Wato ina rubutawa, ita kuma tana biye da ni tana tsincewa, ko tari ba ta yi?"

"Duk bayan 'yan mintoci, Goggo."

Sau uku ta sa aka nuna mata yadda ake adanawa. Sannan ta gyara tabarau, ta ce, "Tashi ki ba ni wuri. Ban ma taɓo maganar tagwaye ba."