Ƙafar Ɗawisu

Ni na koya wa ƙanwata riƙe ledar lalle. Ina so a fara sanin wannan, domin a unguwarmu ta Rusaifa babu mai tunawa. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, a Makka aka haife ta, ni kuwa daga Kano na zo aikin Hajji na maƙale ba iƙama, wato takardar izinin zama, na zauna a gidansu. Lokacin tana 'yar makaranta, Hausarta rabi Larabci, ni nake kama hannunta ina nuna mata yadda ake matsa leda zane ya fito siriri. Kafin a je ko'ina hannunta ya wuce nawa.

Gashin ɗawisu ne ya fito da ita. Ba ta zana tsuntsun gaba ɗayansa, don matan Makka ba sa son yin salla da hoton abu mai rai a hannu. Gashin kawai take shimfiɗawa daga wuyan hannu zuwa yatsu, kowanne da idonsa a tsakiya. A shekarun nan ne kowace mace ta mallaki waya mai ɗaukar hoto, sai hannayen amare suka riƙa yawo daga waya zuwa waya, har aka daina kiran sunanta aka koma cewa mai ɗawisu. Da muka fara fita aiki tare, rabona ya faɗo ƙasa: ita hannu, ni ƙafa. In an bugo mata waya sai in ji ana cewa, "Ki taho da mai ƙafar nan."

Ƙyashi na yi, ba zan sa masa wani suna ba. Ita tana kan kujera kusa da fuskar amarya, ana miƙa mata shayi, ana mashaAllah a kanta. Ni ina zaune dirshan a kan tabarma da dunduniyar 'yar mutane a cinyata, abin da nake gani a wurin biki gefen abaya ne da takalma. Babu wanda yake ɗaukar hoton ƙafa. In mun dawo gida ta kwanta tana nuna wa innarmu yabon da ake turo mata, ni ina kankare lalle daga farcena ina jin kamar in tsoma wayar a kwanon kwaɓi. Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ba ta da girman kai ko kaɗan. Da tana da shi, da na samu abin kamawa.

Na daɗe ina gwada gashin nan a tafin hannuna na hagu, har na ga ya fara kama da abin arziki. Sai na ƙudura a raina cewa a aiki na gaba ko ta bar mini hannu, ko mu raba hanya, kowa ta kama gabanta. Na san in na bar ta zama a gidansu ma zai yi mini wuya, amma zuciya ta riga ta kawo wuya.

Aikin ya zo daga wasu mutanen unguwar Zahir, asalinsu Hausawa ne amma sun daɗe da zama 'yan ƙasa, yaransu ba su san komai a Hausa ba sai "sannu". Sun kama istiraha a bayan gari, irin gidan nan mai fili da ake haya don biki. Mun isa bayan la'asar, rana ta ɗan yi sanyi. A gefen filin akwai keji babba, ga ɗawisu na gaske a ciki. Sai a ranar na taɓa ganinsa ido da ido, duk shekarun da na yi ina cin abinci a bayan gashinsa.

Muna wucewa ya saki wani kuka marar daɗi, kamar an take wa mage jela. Wata tsohuwa tana kan kujerar guragu a inuwa, kakar amarya ce, ta yi dariya ta ce da Hausa irin ta da, "Larabawa suna cewa ƙafarsa ya duba. Wai in ya gama taƙama da ado, ya sunkuya ya ga munin ƙafar, sai ya fasa kuka."

Na gaishe ta na wuce, amma maganar ta soke ni. Na ce a raina, ga shi har tsuntsu ya san inda muni yake. Na ɗan tsaya na leƙa ƙafar. Toka-toka ce, duk kaushi, kamar ta zakaran da ya tsufa. Yana ta tono da ita yana tsattsagar abinsa, ni dai ban ga ya tsaya dubanta ba.

A bakin ƙofa na ja ƙanwata gefe.

"Yau ni zan yi hannu," na ce.

Ta dube ni. "Yaya, lafiya? Fi mushkila?"

"Babu mushkila. Ni na koya miki, yau ina so in zauna a kujera. In ba haka ba, daga yau kowa ta nemi aikinta."

Sai kawai ta miƙo mini ledarta. "Halas, Yaya. Ki yi."

Na so ta yi musu, na zo da maganganu cike da baki, ta bar ni da su.

Na hau kujerar. Ashe wuri ne mai zafi. Mata sun yi mini rumfa da wayoyi, wannan ta ce a ƙara nan, waccan ta ce mai ɗawisu ba haka take yi ba. Gumi yana bin bayana, amma na ci gaba da zanena. Na gama hannun hagu, gashin ya kwanta daidai gwargwado, har wata ta ce mashaAllah, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

A ƙasa kuwa abin ya ƙi. Ƙanwata tana taɓa tafin ƙafar da kan yatsu, amarya tana jin cakulkuli tana fizgewa, lalle ya dame a idon sawu. Ƙafa ba a lallaɓa ta. Damƙe dunduniya ake yi da tafin hannu gaba ɗaya, a ɗora a cinya, a riƙe har mai ita ta manta da ita. Ina gani ta gefen ido, kuma ba zan ɓoye ba, wani sanyin daɗi ya ratsa ni.

Sai aka turo kujerar kakar ciki. Ta duba ƙasa, ta duba sama, ta ce, "Ina mai ƙafa?"

Uwar amarya ta nuna ni. Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, me kike yi a can? Saboda ke na ce a kira ku. Na ga ƙafar wata amarya a bikin maƙwabta, ja har gefe, yatsu a rufe, baki a yanke tsaf. Rabona da ganin irinsa tun na mahaifiyata." Ta janye zanenta ta fito da tata ƙafar, duk faso. "Da wannan na zo garin nan ina yarinya, ta Sudan, muna tafe muna yada zango. Duk inda muka sauka sai mahaifiyata ta ƙunsa mini lalle don kada ta tsage. In kin gama wa jikata, ki yi mini."

Hannun dama na amarya yana kan matashi a gabana, fari tas, yana jirana. Shekara da shekaru shi nake so. Babu wanda ya ce in tashi, ƙanwata ma kanta a sunkuye yake tana goge ɓarnar da ta yi. Na dubi hannun, na dubi ƙafar tsohuwar, na miƙa wa ƙanwata ledarta na sauko tabarma.

Ta kwaikwayi zanena a hannun dama don su zo ɗaya, kuma nata ya fi nawa kyau. Shi aka ɗauka a hoto, shi ya yi yawo a wayoyi. Wannan kam har yau in na tuna sai ya ɗan sosa mini rai.

Na gama wa amarya, na jawo ƙafar kakar na ɗora a cinyata. Ba nauyi, kamar busasshen kara. Na cika fason da lalle, na naɗe da leda da tsumma yadda ake yi a gida. Ta lumshe ido tana motsa baki, ban san ko addu'a take yi ko da mahaifiyarta take magana ba. Daga waje ɗawisun ya sake fasa kukansa, ba wadda ta kula shi a cikinmu.

Bayan kwana biyu wayar ƙanwata ta yi ƙara tana wanka, na ɗauka. Wata mata ce daga Zahir, ta ce mai ɗawisu take nema.

"Tana zuwa," na ce. "Mai ƙafa ce ke magana."