Ranar da Na Talauta Kawuna

Ko tsufa ya cinye ni, ba na jin zan manta ranar da na mayar da kawuna mabuƙaci a idon duk mutanen garinmu Isa.

Na gama karatun kwamfuta ke nan, kaina na ta hayaƙi, sai wata ƙungiyar manoma ta ba ni aikin tsara mata rumbun bayanai, don a gano waɗanda damina ba ta yi wa kyau ba a taimaka musu da hatsi. Na tsara jadawali mai guraben suna, da ƙauye, da yawan damin geron da mutum ya samu. Na kuma hana a bar gurbin dami fayau: in ba a rubuta komai ba, na'ura ta sa sifili da kanta. A lokacin gani nake na ƙure basira.

Abin da na manta, ni da aka haifa a nan, shi ne babban manomi ba ya faɗin abin da ya noma, don gudun baki. Ka tambaye shi, ya ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Haka kawu ya amsa wa masu zagayen tambaya da ƙungiyar ta aika, suka bar gurbinsa ba komai. Mutumin da rumbunansa ke ciyar da rabin unguwa.

Ranar kasuwa aka manna jerin mabuƙata a ƙofar ofishin ƙungiyar, sunansa a can sama. Kafin azahar abokan wasansa sun fara zuwa jaje, wani har ya aiko masa da tiyar gero sadaka.

Ya sa aka kira ni. Na tarar da shi zaune, tiyar a gabansa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, wa ac ce maka ban samu komi ba?"

Na ce na'ura ce ta sa.

"Ta zo gonata? Ni dai ban hwaɗi ba. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba mana."

Kunya ta rufe ni. A ranar na buɗe gurbin, na ƙara wani na dalili: bai faɗa ba, ko ba a same shi ba. Amma kasuwa ta riga ta karanta takarda, kuma sai da kawu ya yi shekara yana shan tsiya.

Tun daga nan, abin da ban sani ba nakan bar shi a ban sani ba. Cike gurbi da sifili ƙarya ce, kuma wani ne zai ɗauki kunyarta.